Ban Taɓa Kiran Sunan Ɗana Ba

Malama Nasiba, don Allah ki taimake ni. Na rasa wanda zan faɗa ma wannan magana, don duk wanda na sani a garin nan ya san gidanmu. Kwana ashirin sunka rage mani in ce i ko a'a, kuma ban san wacce amsa ce Allah ba zai kama ni da ita ba.

Shekarata ashirin da shida, a Filingue nike da aure. Na yi lakwal har na shiga kwaleji kafin in bari, shi ya sa na iya rubuto maki da hannuna. Ɗiya biyu gare ni. Ƙaramar, Ummul, shekararta uku, bakinta ba ya hutawa, har kaji take yi ma faɗa. Babban namiji ne, shekara bakwai, shi ne na fari, kuma har yau bai taɓa faɗin abin da mutum zai kira magana ba.

Kin san yadda muke da ɗan fari a ƙasarmu ta Kurfey. A gidanmu an riƙe abin da ƙarfi. Uwata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan yayana ba, shi da yanzu dillalin shanu ne a kasuwa. Ni kuma tawa kunyar ta zama biyu, don sunan mahaifin maigidana anka sa ma yaron. Tun ran suna ban ɗauke shi gaban mutane ba. In zan ba shi nono sai na shiga ɗaki na juya ma ƙofa baya. Mata suna cewa ga ɗiyar gidan mutunci, kuma ba zan ɓoye maki ba, ina jin daɗin yabon. Da anka yaye shi, uwar maigidana, Inna Indo, ta ɗauke shi zuwa Tabla, kamar yadda aka saba.

Shekara biyar ya yi wurinta. In na je da salla ko biki, nakan hango shi ƙarƙashin rumbu shina jera ƙwallon aduwa, layi guda, in wani ya goce ya sake daga farko. Yara suna wasa can, shi yana nan. Sai in kau da kai. Inna Indo takan ce, ba wanda ya tambaye ta, wai mijin nan nata miskili ne, ba ya magana da talakawa. Mata su yi dariya, ni ma in yi. Raina ya so in tambaye ta me yake ci, me ke sa shi kuka, ko ya fara cewa wani abu. Ban tambaya ba ko sau ɗaya. Wace uwa ce za ta tambayi lafiyar ɗan fari gaban uwar miji?

Kakar bara Inna Indo ta yi zazzaɓi kwana uku ta rasu. Bayan sadakar arba'in anka sa yaron cikin mota da tufafinshi a leda, anka kawo mani shi. Malama, baƙo anka kawo mani. Ban san shi ba, bai san ni ba.

Abin da na dafa ba ya ci. Fura ma wata rana ya sha, wata rana ya ture ƙwaryar, kuma ban gano abin da ya bambanta ranakun ba. Bayan katangarmu akwai injin niƙa. Da an tada shi sai yaron ya toshe kunnuwa, ya yi ta ƙara, ya riƙa buga goshi a bango har jini ya fito. Na bar soya ƙosai ran kasuwa. Na bar zuwa suna da biki, gaisuwar mutuwa ma sai in aika. Kowace maƙwabciya da nata maganin. Wata ta ce rubutu, wata ta ce hayaƙi, wata ta ce a kai shi ga Tambara, tsohuwar ƴar bori da ke Tabla, ƙawar Inna Indo, a yi mishi girka. Kaina ba ya barin ciwo. Zanen da nike ɗaurawa sau ɗaya da rabi yanzu sau biyu yake zagaye ni.

Kullum la'asar sai ya nufi ƙofa. Sau biyu ya fita ban gani ba. Na biyun da damina ne. Munka neme shi tun la'asar har rana ta yi ja, sai wani mai amalanke ya kawo shi, ya ce can nesa ya tsince shi bisa kwalta, ba takalmi, tsakiyar hanya, ya miƙe ya nufi wajen Tabla, motocin Yamai suna kauce mishi. Ga abin da ban faɗa ma kowa ba. Lokacin da muke nema, ina bakin wani lungu ina haki, sai zuciyata ta ce: in ba a gan shi ba, kin huta. Ban kore ta nan take ba. Na ɗan tsaya da ita. Da anka kawo shi mutane sunka watse, na ɗauki muciya na buge shi, ban san sau nawa ba. Bai yi kuka ba, bango kawai yake kallo. Shatar ta yi kwana goma a hannunshi. Tun ran nan Ummul take ɓoye muciyar bayan randa, sai na nema.

Bayan haka na kai shi gidan likita. Majo, babban mai duba marasa lafiya a wurin, ya duba kunnenshi da fitila, ya tafa hannu bayan kanshi, sannan ya tambaye ni, in na kira sunanshi yana waiwayowa? Na sunkuyar da kai. Ya ce to in kira shi yanzu ya gani. Matan da ke kan benci suna jinmu, wata ta ce ai majo ɗan fari ne, kada ka kunyata ta, sunka yi dariya. Na buɗe baki, Allah shaida na buɗe, sunan bai fito ba. Majo ya girgiza kai ya ce yaron da ba a yi ma magana ina zai samo magana. Ya rubuta takarda ya ce a kai shi Yamai. Takardar tana cikin kwallata wata biyu ke nan. Maigida ya san da ita, amma ban faɗa mishi abin da majo ya ce ba. Maganar nan ita nike tashi da ita, ita nike daka da ita. Ashe ni na rufe ma yaron nan baki, ina ta karɓar yabo.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Yayar maigida, Dijatu, tana Sanam, ɗiyanta duk sun yi aure. Ta ce a ba ta shi. Ta ce tana da ɗaki mai ƙofar ƙarfe, in za ta gona ko rijiya sai ta kulle shi ciki, ba inda zai je. Maigida magini ne, ya fita da safe sai magariba, kuma ba mugu ba ne. Ya ce na rame, ya ce tsoro yake ji wata rana a kawo mishi gawar yaron daga kan hanya. Gaban Dijatu da ƙannenshi ya tambaye ni abin da na gani, ni kuwa na faɗi abin da uwar ɗan fari ke faɗi, na ce naku ne, ni ina ruwana. Za ta zo ɗaukarshi in an gama yankan hatsi. Hanyar Sanam kin san yadda take yanzu da rashin tsaro, ba kullum ake binta ba. In ya tafi, shekara na iya juyowa ban gan shi ba.

Rabin zuciyata na son ya tafi. Rabin kuma, in na tuna ɗakin nan da ƙofar ƙarfe, da shi ciki shina buga kai ba mai ji, sai ya ce a'a. Ni na maida shi haka? In ba da shi, tunda na riga na nuna hannuna ba abin yarda ba ne? In kuma ina son ya zauna, da wane baki zan faɗa?

Wata uwa a Filingue

*

Ɗiyata,

Akwai wani ruɗani da iyaye da yawa ke ɗauke da shi, kuma shi ya fi cin su fiye da wahalar renon kanta. Suna zaton in yaro ya tashi ba ya magana, ba ya haɗa ido, ba ya shiga cikin yara, to wani abu ne uwarsa ta yi ko ta kasa yi. Wannan ba haka yake ba, kuma a wasiƙarki ma akwai shaida. Mahaifiyarki ba ta taɓa kiran sunan yayanki ba, ga shi yau da bakinsa yake cin abinci a kasuwar shanu. Ƙasar Kurfey cike take da ƴaƴan fari da aka yi wa kunya irin taki, cikinsu akwai limamai da malaman makaranta da masu shela. Ɗanki kuma bai tashi cikin shiru ba, ya tashi hannun tsohuwar da ke tsokanarsa da wasan jika safe da yamma. Abubuwan da kika lissafa, jera ƙwallon aduwa, tsoron ƙarar inji, ƙin abinci in an sauya wani abu kaɗan, sun yi kama da yanayin da likitoci ke kira otizim. Da shi ake haihuwar yaro, ƙwaƙwalwarsa ce ke karɓar duniya ta wata hanya dabam. Ba zan yanke hukunci daga wasiƙa ba, aikin masu duba shi ne. Amma kunyarki ba ta haifar da shi ba. Ki ajiye wannan kayan, ba naki ba ne.

Tambayar majo gwaji ce da ake yi wa kowane yaro, don a san ko yana ji, ko yana gane ana nufinsa. Maganar da ya biyo da ita ya faɗe ta cikin gaggawa, bai san inda za ta sauka ba. Abu ɗaya ne gaskiya a cikinta: daga yanzu, yi masa magana zai amfane shi. Ki fito da takardar nan daga kwalla, ki gaya wa maigidanki duk abin da ya faru, ku sa ranar zuwa Yamai a auna jinsa da kyau, a duba sauran. Ba na yi maki alkawarin za a ba ku maganin da zai buɗe bakinsa. Wasu yaran suna fara magana a makare, wasu suna koyon nuni da hannu, wasu haka za su girma. Ki shiga da wannan sanin.

Dukan nan ba daidai ba ne, kin sani, kuma kada ya sake faruwa. Yaron da bai yi kuka ba ya ji zafin, bai dai san inda zai kai ƙara ba. Ummul ma tana kallo. Amma ban karanta wasiƙar muguwar uwa ba. Na karanta ta macen da ta yi shekara guda tana gadin ƙofa ita kaɗai, ba kasuwa, ba ƙawa, ba hutun yini ɗaya. Tunanin da ya zo maki a lungun nan yana zo wa iyaye masu irin wannan reno fiye da yadda suke faɗa, kuma alamar gajiya ce da ta kai ƙarshe. Ranar da kika ji hannunki na neman abin duka, ki tabbata ƙofar waje a rufe take, ki bar shi inda yake, ki koma can gefen gida ki wanke fuska har numfashinki ya daidaita. Ciwon kai da ramar nan ki kai su gidan likita a matsayin ciwonki, ke ma majinyaciya ce. In kuwa tunanin cutar da shi ko cutar da kanki ya dawo ya zauna, a ranar za ki gaya wa maigida ko majo, kada ki bari ya kwana.

Dijatu ba maƙiyiyarki ba ce. Ta ga ƙaninta cikin damuwa ta miƙo abin da take da shi. Tsoron maigidanki ma na gaskiya ne, kwalta ba ta san yaro ba. Riƙo kuma ba abin kunya ba ne, riƙon Inna Indo ne ya raya yaron nan shekara biyar. Amma ki dubi abin da aka yi tayi. Inna Indo ta ba shi inuwar rumbu da mutum kusa da shi. Dijatu ɗaki za ta ba shi da kwaɗo. Yaron da ke buga kansa in ya firgita, ba a kulle shi shi kaɗai. Ga shi zai zama gida na uku cikin shekara ɗaya ga yaron da sauyin ƙwarya ma ke rikita shi. Shawarata kada a kai shi Sanam bana. In Dijatu na son taimako, kuma na yarda tana so, ta zo ta yi maku wata guda bayan girbi, ta riƙe shi da hantsi ki koma ga kaskon ƙosanki ko ki yi barci. In bayan an je Yamai, an gwada abin da zan faɗa, kika ga har yanzu ba za ki iya ba, a sake zama, da sharaɗin ba kulle ba ɗauri. Wannan ma ba zai zama zunubi a kanki ba.

Kin ce da wane baki za ki faɗa. Al'adar da ta hana ki magana gaban dangin miji ita ce kuma ta ba ki ɗan aike. Ki sami gwaggonki ko wata babbar mace da suke jin nauyinta, ki gaya mata a ɗaki, ita ta kai. Maigida kuwa ke da shi ne, ba gaban kowa ba, kuma wannan makon, kafin Dijatu ta shirya tafiya. Ki ce masa abin da kika faɗa ran nan kunya ce, ga abin da ke ranki. Ina zaton zai ji sanyi, don shi ma ɗansa ne na fari, kuma wataƙila tasa kunyar ce ta sa bai ce a bar shi ba.

Sai Tabla. Babban abin da kunya ta cinye maki shi ne ilimin Inna Indo, amma bai tafi duka ba. Tambara ƙawarta ce, shekara biyar tana ganin yadda ake yi da yaron. Ki je wurinta da goro, ba don girka ba, don tambaya. A wace ƙwarya yake sha, da tsami ko babu, da kauri ko ruwa-ruwa? In ya firgita me tsohuwar ke yi, goyo ne, waƙa ce, ko shafa baya? Da la'asar ina suke zuwa? Ina kyautata zaton akwai inda take kai shi kullum a wannan lokacin, shi ne ƙafarsa ke nema. Ki karɓo ƙwaryarsa da tabarmarsa in suna nan. Ki tafi da shi, ya shiga ɗakin ya ga ba kowa, ki gaya masa da kalmomi kaɗan cewa Inna ta rasu. Ban ga inda kika ce wani ya gaya masa ba. An dai sa shi a mota. Addu'a da rubutu ba na hana ki. Duk abin da ya haɗa da turnuƙe shi da hayaƙi, ko ɗaure shi, ko taron kiɗa a kansa, ki ƙi, ko daga wa ya fito.

A gida, maigida magini ne, ya ɗaga sakatar ƙofa inda hannun yaro ba ya kai, a rataya gwangwani da tsakuwa a ciki don ki ji in an taɓa. Ki ɗinka ƙyalle mai lambar wayar babansa a wuyan rigunansa. Ki gaya wa mai shayin bakin hanya da masu amalanke su san shi. Ɓoye shi ya fi haɗari. Ki tambayi mai inji lokutan da yake tayarwa, kafin nan ki kai yaron can ƙarshen gida da hula mai rufe kunne da ƙwallayensa. Da la'asar kuma, maimakon ki tare ƙofa, ki kama hannunsa ku fita tare, hanya ɗaya kullum, ku dawo.

Na lura a wasiƙarki kin kira sunan Ummul da Dijatu da Inna Indo, shi kuwa "yaron". Ba na raina kunyar ɗan fari, tarbiyya ce, kuma gaban mutane ki riƙe abinki in kina so. Amma an gina ta ne bisa cewa akwai wata uwar da za ta kira yaron. Tasa ta rasu. In ke ba ki kira shi ba, ba mai kiransa yini guda. In sunan surukinki ya yi maki nauyi, ki yi amfani da wanda yaran Tabla ke kiransa da shi, Tambara za ta gaya maki.

Ki gwada gobe da hantsi, bayan maigida ya fita. Ki dama fura, ki zauna gefensa, ba gabansa ba, kada ki nemi idonsa. Ki faɗi sunan sau ɗaya, a hankali, ki ajiye ƙwaryar kusa da hannunsa. In muryarki ta ƙi fita, ki motsa leɓe kawai, jibi ta fito. Mai yiwuwa ba zai waiwayo ba, gobe ko wata mai zuwa. Ki ci gaba duk da haka, don ranar da ya sake kufcewa ya hau kwalta, ya kasance akwai muryar da ya sani da za ta iya kiransa daga baya.

Allah ya sassauta maki, ya tsare shi da ƙanwarsa, ya jiƙan Inna Indo.

Malama Nasiba